Maƙwabcina Ba Addininmu Ɗaya Ba: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaman Tare Tsakanin Musulmi da Kirista

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji, wasu a majalisar bayan la'asar, wasu a motar haya tsakanin Kawo da Sabon Tasha, wasu kuma daga bakin matasan da sukan same ni a keɓe don suna jin nauyin tambaya a gaban jama'a. Ni musulmi ne, a Kaduna na tashi, saboda haka yawancin misalaina daga nan na ɗebo su. Inda na kawo abin da Kirista suka gaskata, na yi iya ƙoƙarina in faɗe shi yadda su da kansu suke faɗa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Wai me ake nufi da tattaunawa tsakanin addinai? Ba so ake a cakuɗa Musulunci da Kiristanci a fito da addini na uku ba?

A'a. Wannan tsoron shi ya fi hana mutanen kirki zuwa wurin zama, kuma daga ɓangarorin biyu nake jin sa. Musulmi yana gudun a ce ya sassauta tauhidi, Kirista yana gudun a ce ya daina kiran Yesu Mai Ceto. Duk zaman da aka kira ka don ka tuɓe aƙidarka a bakin ƙofa kamar takalmi, tashi ka ba su wuri.

Musulmi ya yi imani Allah bai haifa ba, ba a haife Shi ba, Annabi Isa (AS) bawanSa ne kuma manzonSa, ba a kuma gicciye shi ba. Kirista ya gaskata Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Waɗannan maganganu biyu ba sa haɗuwa, babu kuma taron da zai haɗa su. Abin da ake zama a kansa daban ne. Mun saɓa a wannan, an ji. To ga shi famfonmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, asibitin da matanmu ke haihuwa ɗaya. Yaya za mu zauna har kowa ya kwanta barci ba da fargabar maƙwabcinsa ba?

Malam, ina dalili a Musulunci? Kada a kawo mana ra'ayin Turawa.

Dalilin ya riga zuwan Turawa ƙasar nan da shekara fiye da dubu. Lokacin da azabar Ƙuraishawa ta tsananta a Makka, wajen shekara ta 615, ƙasar Habasha Manzon Allah (SAW) ya tura sahabbansa, wurin Najjashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Da 'yan aiken Ƙuraishawa suka biyo su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya a fada ya karanta farkon Suratu Maryam, kuma da aka tambaye shi game da Annabi Isa bai ɓoye abin da Musulunci ya faɗa ba. Bai zagi kowa ba, bai kuma rage komai daga aƙidarsa ba. Sarki ya ƙi miƙa su. Ni a ganina duk ladubban tattaunawa suna cikin wannan tsayuwa ta Ja'afar.

Bayan hijira a 622, Manzon Allah ya rubuta yarjejeniya tsakanin Muhajirai da Ansar da Yahudawan Madina: kowa da addininsa, tsaron gari kuwa a wuyan kowa. Daga baya tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina, aka yi muhawara a kan Annabi Isa, ba su musulunta ba, suka koma gida da alkawarin aminci.

Alƙur'ani kuwa ya ce babu tilastawa a addini (Baƙara, aya ta 256). Ya ce kada a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau (Ankabut, 46). Ya ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, ba su kuma fitar da ku daga gidajenku ba, da yi musu adalci (Mumtahana, 8). Akwai aya ta 40 a Suratul Hajji da nake so duk matashin da ya taɓa riƙe galan ɗin fetur a ranar tarzoma ya karanta: ta jero ɗakunan ibadar ruhubanawa da coci-coci da majami'un Yahudawa da masallatai a matsayin wuraren da ba don kariyar Allah ba da an rusa su. Sai hadisin Bukhari: an wuce da gawa, Manzon Allah ya miƙe, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce, ashe ba rai ba ce?

Su kuma Kirista, addininsu ya koya musu haka?

Ya koya musu. A Bisharar Matiyu, sura 5, an yi albarka ga masu kawo salama. Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 12, ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar iyawarku, ku yi zaman lafiya da kowa. Da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, a Luka sura 10, misalin da ya bayar na Basamariye ne, mutumin da Yahudawan wancan zamani suke ganin addininsa gurɓatacce, shi ne ya tsaya ya ɗauki wanda 'yan fashi suka jikkata bayan malaman addininsa sun ratse sun wuce.

A 1965 babban taron cocin Katolika a Batikan ya fitar da matsaya cewa cocin yana kallon musulmi da girmamawa. A 2007 malaman musulmi 138 suka aika wa shugabannin Kirista na duniya wasiƙa a kan son Allah da son maƙwabci. Ranar 4 ga Fabrairun 2019 Fafaroma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Ɗayyib, suka sa hannu a kan takardar 'yan'uwantakar bil'adama a Abu Dhabi.

In haka addinan suka koyar, me ya sa jini ya yi ta zuba a Kaduna da Jos?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ba zan yi mata amsar kwaskwarima ba. A Maris ɗin 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan wani wa'azi, ta tsallaka Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, a Fabrairu sannan a Mayu, har ya iso cikin garin Kaduna. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 aka fara wanda ya fi kowanne muni, a kan batun kafa shari'ar Musulunci a jihar Kaduna, aka sake a watan Mayu. Kwamitin binciken gwamnatin jiha ya ƙirga mamata sama da 1,200, masu bincike na waje suka ce adadin ya haura 2,000. A Nuwambar 2002 wani rubutun jarida a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya jawo asarar rayuka fiye da 200. Bayan zaɓen Afrilun 2011 aka kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa, mafi yawa a kudancin Kaduna. Jos kuma ta ga nata a 2001 da 2008 da 2010.

Amma abin da ya fi damuna ba ya cikin wannan lissafi. Bayan 2000, mutane suka kwashe kayansu. Kiristan da ke Tudun Wada ko Rigasa ya sayar da gida ko ya yi musaya, ya tsallaka kogin Kaduna zuwa unguwannin Sabon Tasha ko Narayi ko Television. Musulmin da ke can ya tsallako nan. Ba wanda zai zarge su, rai suke gudu da shi. Sai dai yau muna da magidanta, masu 'ya'ya ma, waɗanda tun haihuwarsu ba su taɓa wasan ƙasa da ɗan wani addini ba. Mu da muka tashi a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, inda uwar wani take tsawata wa ɗan wata, in an ce mana "Kirista" fuskar wani muke gani da sunansa. Yaron da ya tashi bayan rabuwa, in an ce masa "Kirista" ko "Musulmi", labari kawai yake ji, kuma yawanci labarin ranar da aka kashe kawunsa ne. Wanda ba ka san fuskarsa ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa za ka yarda.

To rikicin addini ne, ko siyasa ce aka lulluɓe da addini?

Duka biyun, kuma wanda ya ce ɗaya ne kawai bai faɗi gaskiya duka ba. Na Zangon Kataf a kan sauya wa kasuwa matsuguni ya fara, a ƙarƙashinsa kuma akwai tsohon ƙorafin ƙabilar Atyap, wato Katafawa, game da filaye da sarauta. Na Jos a Satumbar 2001 ya ɓarke ne a ranar Juma'a a kan wucewa ta hanyar da aka tare don salla, amma makonni kafin nan gari yana tafasa a kan naɗin wani muƙami a Jos ta Arewa da gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Fili, kujera, takardar shaidar asali, burtali da gona, su ne itacen. Sai dai kada mu wanke kanmu da cewa "ai 'yan siyasa ne". Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan siyasa ba zai iya tura yaro ya ƙone coci ko masallaci ba sai in an riga an cusa wa yaron, a gida ko a wurin wa'azi, cewa mai wancan ɗakin ibada bai kai mutum ba.

Ana yawan ambaton Imam Ashafa da Fasto Wuye. Me suka yi?

Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye ba malaman zaure ba ne da suka karanci zaman lafiya a takarda. Jagororin matasa ne masu zafin kai, kowa a ɓangarensa, kuma a rikicin 1992 sun kasance a sahu biyu masu gaba da juna. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa na tarbiyya da 'yan'uwansa biyu. A 1995 wani abokinsu ya haɗa hannayensu a wurin wani taro a Kaduna ya ce su yi magana.

Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda abin ya ɗauki lokaci. Su biyun sun sha faɗa a bainar jama'a cewa da farko kowa leƙen asirin ɗan'uwansa yake yi. Ashafa ya ce huɗubar wata Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda liman ya kawo labarin Ɗa'ifa, yadda aka jefi Manzon Allah har jini ya zuba amma ya ƙi a halaka mutanen garin. Wuye ya ce shekaru ya yi suna tafiye-tafiye tare, suna kwana ɗaki ɗaya, zuciyarsa tana raya masa ya rama hannunsa, sai da wani fasto ya gaya masa ba a yi wa Almasihu wa'azi da ƙiyayya a ciki. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta asibiti, Ashafa ya je dubiya. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suka yi aikin, ba jawabi ba. Kowannensu kuma a cikin addininsa ya samo dalilin yafiya, ba a wajensa ba. Har yau ɗaya liman ne, ɗaya fasto.

Cibiyar sulhun da suka kafa a Kaduna ta taka rawa wajen Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22, musulmi 11 da Kirista 11, suka sa wa hannu ranar 22 ga Agustan 2002, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Sun kuma shiga Yelwan Shendam a jihar Filato, inda aka kashe Kirista da dama a Fabrairun 2004, wasu a cikin coci, aka kashe ɗaruruwan musulmi a Mayu, abin ya jawo ramuwar gayya a Kano da dokar ta-ɓaci a Filato. A Fabrairun 2005 al'ummomin yankin suka amince da yarjejeniyar sulhu.

An sa hannu a Agusta, an yi kisa a Nuwamba. Ina amfanin irin waɗannan takardu da tarurrukan otal?

Tambayar tana kan hanya. Wata uku kacal tsakanin sanarwar 2002 da tarzomar da ta biyo baya. Ni ma ina da ƙorafi a kan taron da manya za su sauka a otal a Abuja, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota, alhali ɗan acaɓan da zai riƙe adda bai ma san an yi ba. Majalisar addinai ta ƙasa, NIREC, tana nan tun 1999, Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, suke jagorantarta tare, amma sau da yawa muryarta ba ta kai lungu.

Duk da haka ba zan ce a daina ba. Amfanin zaman manya shi ne ranar da abu ya ɓaci akwai lambar da za a kira a ɗauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan takarda takan yi aiki in hukuma ta bi ta da gyara na zahiri. A zamanin Makarfi an ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin Kaduna da suka daɗe suna neman nasu, aka kuma tsara kotunan shari'a da na gargajiya kowa ya je inda ya dace da shi. Wannan ya rage zafi fiye da jawabai ɗari.

Wai da gaske akwai Bahaushe Kirista?

Akwai, kuma ba jiya suka fara ba. Je ka Wusasa a Zariya, inda mishan ɗin Dokta Miller, Baturen likita mai wa'azin Kiristanci, ya koma a ƙarshen shekarun 1920. Daga wannan al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Akwai kuma Kirista da yawa daga cikin Maguzawa a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma miliyoyin mutane a Filato da Bauchi da Gombe da Adamawa da Borno da Hausa suke sujada ranar Lahadi. Wasu coci-cocin ma sunansu na Hausa ne, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. "Allah" suke cewa, "Ubangiji" suke cewa, "in Allah ya yarda" suke cewa. Waɗannan mutane suna shan wahala biyu: a gida a ce musu ba Hausawa ba ne, in sun je Kudu a ɗauke su musulmi.

Mene ne laifin kalmar "arne"? Ai haka muka taso muka ji ana faɗa.

Laifinta shi ne mai ita ba ya son ta, kuma ba sunan da Alƙur'ani ya ba shi ba ne. Nasara ya ce, Ma'abota Littafi ya ce. A bakinmu kalmar ta daɗe da tashi daga bayanin aƙida ta koma raini, shi ya sa ake haɗa ta da tsaki. Haka ma Kiristan da yake kiran kowane mai gemu da hula "Boko Haram" ya sani yana soka wuƙa ne a gyambo. Waɗanda suka tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011 su ne suka kashe masallata fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwambar 2014. Kira mutum da sunan da yake kiran kansa bai rage maka komai a addininka ba.

Zan iya cin abincin Kirsimeti? Zan iya kai wa maƙwabcina Kirista naman layya?

Naman layya kam kai masa. An ruwaito Abdullahi ɗan Amr an yanka akuya a gidansa, ya yi ta tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kafa hujja da faɗin Manzon Allah cewa Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Hadisin bai ce maƙwabci musulmi ba.

Abincin Ma'abota Littafi kuwa aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta shi, ban da abin da aka haramta da kansa kamar naman alade da giya. Inda malamai suka saɓa shi ne abincin ranar idinsu da kuma yi musu barka: wasu sun hana, wasu sun halatta in dai gaisuwar maƙwabtaka ce ba yarda da aƙida ba. Bi malamin da ka natsu da iliminsa. Roƙona ɗaya ne: in ba za ka ci ba, kada ka wulaƙanta. Na taɓa ganin an karɓi kwanon shinkafa daga hannun yarinya 'yar shekara bakwai aka juye a kwata tana tsaye. Yarinyar nan ta girma yanzu, kuma na tabbata ba ta manta ba. Kiristoci da yawa a garuruwanmu sukan kira musulmi ya yanka musu kaza ko akuyar Kirsimeti don kawai maƙwabta su iya ci. Wanda ya yi maka wannan karamci ya cancanci a ba shi uzuri da fuska a sake.

Haka kuma Kiristan da ya ce shi ba ya cin naman Salla saboda nasa dalilin, kada a riƙe shi a zuci.

Kenan a daina da'awa da bishara?

Ba wanda ya isa ya hana. Addinan biyu duk masu kira ne, kuma wanda ya yarda yana kan gaskiya dole ya so wa wani ita. Magana a kan yadda ake kiran take. Suratun Nahli, aya ta 125, ta ce da hikima da wa'azi mai kyau. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta ce da tawali'u da girmamawa. Abin da nake ƙi shi ne muƙabalar da ake shiryawa don a yanki minti biyu a watsa a Facebook da TikTok a ce "an kunyata fasto" ko "an tsille malam". Ban taɓa ganin wanda ya sauya addini don an kunyata malaminsa ba, amma na ga waɗanda suka ƙulla gaba. Haka sayen imanin mayunwaci da buhun masara, ko janye yarinya ƙarama daga hannun iyayenta da sunan ta tuba ko ta musulunta. Kowane ɓangare yana da irin wannan ƙorafi a kan ɗayan, kuma kowanne yana da inda yake da gaskiya.

In wani ya zagi Annabi fa? Nan ma tattaunawa za a yi?

Ina so 'yan'uwa Kirista su ji wannan da kyau: musulmi yana son Annabi Muhammadu (SAW) fiye da uwarsa da ubansa da ransa. Ba wasa ba ne, ba kuma abin gwaji ba ne. Mu kuma musulmi an hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, a Suratul An'am, aya ta 108, don kada su rama da zagin Allah.

Amma hukunci na alƙali ne, da shaidu, da bincike, da ba wanda ake tuhuma damar kare kansa. Taron jama'a ba kotu ba ne. Kisan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022 ɗaukar doka a hannu ne, kuma Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi. Kisan matafiya musulmi fiye da 20 a hanyar Rukuba a Jos ranar 14 ga Agustan 2021, mutanen da suke komawa gida daga Bauchi ba su tare wa kowa komai ba, shi ma ta'asa ce. Ma'aunin da nake auna mai wa'azi da shi ke nan: yana iya buɗe baki ya la'anci kisan da nasa suka yi, ba tare da ya liƙa masa "amma su ma ai" ba?

Me doka ta ce?

Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, da sauya shi, da bayyana shi, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai musulmi a makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi. Adalci shi ne wanda ya yi murna da wannan hukunci ya goyi bayan Kiristan da yake neman takardar filin coci ko malamin darasin addininsa a makarantar gwamnati a jihohinmu na Arewa, kamar yadda muke nema wa musulmi filin masallaci da maƙabarta a inda suke tsiraru.

Sauran ƙasashen da Hausawa suke fa?

A Gana, Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akara ranar Ista ta 2019, a cikin bikin cikarsa shekara 100. Ziyarar zumunci ya kai, ba ibada ba, kuma mutanen zango ba su ga limancinsa ya ragu ba. Nijar kuwa, inda Kirista ba su da yawa kuma an daɗe ana zaune lafiya, ta girgiza a Janairun 2015: zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ya sa aka ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada ba su taɓa ganin jaridar ba.

Ni ba liman ba ne, ba fasto ba. Me ya rage mini?

Mafi yawan aikin. Zumunta a ƙafa take. In tsohon abokin aikinka ko abokin karatunka na can tsallaken kogi ya yi rashi, je ka yi gaisuwa, ka tafi da ɗanka ya gani. In saƙo ya shigo wayarka cewa "sun fara" a wata unguwa, kira wanda ka sani a unguwar kafin ka tura wa kowa. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta riga ta umarce ka da bincike. In kai mai unguwa ne ko shugaban matasa ko na 'yan kasuwa, ka mallaki lambar takwaranka na wancan ɓangaren tun gari yana lafiya. A zanga-zangar tallafin mai ta Janairun 2012 an ga Kirista sun kewaye musulmi suna salla, an ga musulmi a Kano sun je coci-coci ranar Lahadi don kwantar wa masu sujada hankali. A 2021 Bishop Stephen Dami Mamza na Yola ya gina wa 'yan gudun hijira gidaje, ya haɗa musu da coci da masallaci, duk da sukar da ya sha daga wasu nasa.

In abin ya riga ya ɓarke, wanda ake nema ya faɗo gidana, me zan yi?

Ranar 23 ga Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Mutane, yawancinsu Kirista 'yan ƙabilar Birom, suka gudo ƙauyen Nghar. Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata cikin gidansa, maza cikin masallaci, mutum 262. Maharan suka iso suka ce ya fito da su. Ya ƙi. Ya durƙusa a gabansu yana roƙo, ya ce sai dai su fara da shi. Suka juya suka tafi. A Yulin 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi a Washington. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata har da cewa filin da masallacin yake a kai, Kiristocin yankin ne suka ba musulmi shi kyauta, fiye da shekara 40 kafin wannan rana.